Wa Ya Kashe Faya-fayan Hajiya Zuweira?

Ran Litinin da safe Hajiya Zuweira ta zura faifai a keken surfani, keke ya ce babu komai a ciki. Ta ciro, ta hura masa iska, ta goge a zaninta, ta mayar. Babu komai. Ta ɗauko wani, haka. Ta sake ɗauko wani, haka. Kafin ta ƙarasa gwangwanin da take tara faya-fayan a ciki, gumi ya jiƙa mata ɗankwali, alhali a waje sanyin Bronx ta Amerika ne ake yi mai ratsa ƙashi.

Ku da kuka taso da waya a hannu ba lallai ku san fulofi ba. Wani ɗan faifai ne mai kusurwa huɗu, bai wuce tafin hannu ba, da ƙarfe zagayayye a cibiyarsa. Duniya ta daɗe da yar da shi, amma a 2016 tsofaffin kekunan surfani na teloli mutanenmu ba sa cin komai sai shi. A ciki ake ajiye zanen adon da keke zai ɗinka a wuyan riga. Na Hajiya kuwa ba na kasuwa ba ne. Marigayi mijinta ne ya zana su da kansa, su ne suka riƙe shagonta na unguwar Soundview, kuma ɗaya daga cikinsu Hajiya Safiatu ta zaɓa don ankon bikin 'yarta, abin da mutanen Zongo ke ce wa yayi. Biki Asabar mai zuwa. Yadudduka jibge a kan tebur, ba a yi wa ko ɗaya ado ba.

Abin da ya ɗaga hankalin mutane shi ne, duk faya-fayan a kulle suke. Akwai wani ɗan makulli a kusurwar faifai, in ka tura shi rami ya buɗe, shi ke nan ba a iya rubutu a kai. Hajiya ba ta taɓa wasa da wannan ba. Ga shi dama tun farkon wata ake ta yawo da wani saƙon murya a wayoyi, wai an saki wata bairos, cutar kwamfuta, mai bin kekunan teloli, wai ba ruwanta da makulli, wai har ta rufe shaguna a Harlem. Ba wanda ya san shagunan, amma kowa ya san wanda ya san su.

To, a Harlem ɗin nan Harouna ya yi aiki kafin Hajiya ta ɗauke shi. Mutumin Maraɗi ne, marar yawan magana, hannunsa a kan keke kamar an haife shi a kai. Kuma ya zo da faifansa guda a aljihu.

Kafin azahar Hajiya Safiatu ta riga ta aika murya a guruf ɗin mata: kowa ya yi hankali da yaron nan na Nijar, shi ya kawo cutar, wa ya sani ko turo shi aka yi. Kafin la'asar ba telan da zai bar shi ya raɓi kekensa, daga Bronx har Staten Island. Hajiya Zuweira ta karɓe makullin shago daga hannunsa, ta ce ya fara neman wani ɗaki, don na bayan shagon da yake kwana ma za ta buƙace shi.

*

Baba Saani yana ɗaura takalmi a ƙofar masallaci Harouna ya durƙusa gabansa.

Baba Saani ɗan Bawku ne. A ƙuruciyarsa, in an kore wa mutum shanu, shi ake kira ya bi sawu, ko da ɓarayin sun tsallaka iyaka. Nan ba shanu, ba ƙasa mai riƙe sawu, sai siminti, amma har yanzu in abu ya ɓace a cikin jama'a, ƙofarsa ake bugawa. Kuma yana son abin. Idonsa ƙyalli yake in ya ji an ce an rasa yadda aka yi.

"Baba, mi na yi musu?" in ji Harouna, da Hausarsa ta mutanen Maraɗi. "Disket ɗina tun da na zo yake aiki a keken nan. Har yanzu da ransa. In shi ke da cuta, don mi bai mutu ba?"

"Ka faɗa musu haka?"

"Na faɗa. Sun ce ai mai ɗauke da cuta ba ya kwanciya."

Baba Saani ya yi dariya har sai da ya yi tari. "Ashe likitoci gare mu a unguwa. Tashi, ɗana. Kada ka kwashe kayanka tukuna. Ka je ka ci abinci."

*

Baba Saani ya sami shagon cike da mata, ba ɗinki, sai magana. A lungu guda, kan kujerarta ta kullum, Mma Hasiya ce zaune, uwar marigayi, da carbinta da sandarta. Kusa da ita wata tsohuwar sifika ce a kan ƙaramin kabad, karatun Alƙur'ani na tashi daga ita a hankali tun safe har a rufe. Kunnen Mma Hasiya ya yi nauyi, saboda haka mutane sukan gaishe ta da ƙarfi, daga nan su manta tana wurin.

"Hajiya, yaushe rabonki da ganin faya-fayan nan suna aiki?"

"Juma'a da safe, Baba. Ni da kaina na fitar da samfurin yayin. Ga shi can a rataye."

Baba Saani ya matsa ya dube shi. Ganyaye ne suka kewaye wuyan rigar, a can ƙasa ta hagu kuma akwai wani ɗan sawun tsuntsu, yatsu uku.

"Wannan fa?"

"Alamar Alhaji ce. Duk zanensa sai ya ɓoye ta a ciki."

"Kamar mai shanu da ƙarfensa na lalas," in ji Baba Saani. "Bayan Juma'a da safe fa?"

"Maza suka tafi masallaci, ni na tafi kai Mma... a'a, Mma a nan na bar ta, ni na tafi sayen zare. Asabar da Lahadi yanka muka yi, ba mu kunna keke ba."

"Baba, kana ɓata lokaci," in ji Hajiya Safiatu. Mace ce mai jiki, mai murya, waya ba ta barin hannunta. "Kowa ya san wanda ya yi. Mata sun sayi yadi, wasu daga Ohio za su zo, ni zan tsaya gabansu da wuyan riga fayau kamar na 'yan makaranta?"

"Kin gan shi ya yi?"

"Sai na gani? Ai bairos ba a ganinta."

"To shi Harouna ana ganinsa, shi ya sa ya fi sauƙin kamawa. Hajiya Zuweira, ban da ke da shi, wa ya taɓa riƙe faya-fayan nan?"

Ta yi ɗan tunani. "Sai Mashud mai gyara, na Tompkinsville. Bara ya tafi da keken da gwangwanin duka, wai zai gwada. Amma sai da na kulle kowanne kafin na ba shi. Watan nan ma ya zo, yana ta damuna in sayi wata na'ura da ake sa wa keke a daina amfani da faifai. Ya ce bairos na tafe."

Mata suka dubi juna. Nan take wasu suka fara sauya sheƙa, don mai sayar da magani ai shi ya fi kowa son a ce akwai ciwo.

Baba Saani ya ɗauki mataccen faifai guda yana juyawa, ya ajiye a kan teburin yanka, ya sake ɗauka. Sai ya tsaya cak. Wani ɗan guntun allura ya biyo faifan, ya liƙe a ƙarfen cibiyar. Ya cire shi, ya kusanto da shi, ya sake liƙewa. Ya ce a ba shi faifan Harouna, wanda Hajiya ta ƙulle a leda ta ajiye can nesa kamar mushen ɓera. Ya gwada. Allura ta faɗi ƙasa.

"Zan ari waɗannan biyun," in ji shi, yana ta murmushi shi kaɗai.

*

Washegari da hantsi ya shiga jirgin ƙasa ya gangara ƙarshen Manhattan, ya hau feri, jirgin ruwan da ke tsallakawa Staten Island. Baba Saani ba ya zama in ya shiga feri. A waje yake tsayawa, iska na kaɗa masa riga, yana kallon layin kumfar da jirgin ke bari a baya, yana mamakin sawun da ke gogewa da kansa. Daga tashar St. George ya taka zuwa Tompkinsville.

Shagon Mashud rabi gyara ne, rabi ɗinki. Gaba kekuna a buɗe da hanjinsu waje, baya matarsa ke ɗinka kayan mata.

"Baba Saani da kansa. Wa ya ɓace?"

"Zanen marigayi Alhaji. An ce kai ke yaɗa labarin bairos don ka sayar da na'urarka."

Mashud ya sosa ƙeya. "Baba, gaskiya ba ni na ƙirƙira ba. Turo min aka yi, ni ma na tura. To, na ɗan ƙara gishiri, bizines ne. Amma tsakanina da kai, labarin nan ba shi da kai koraa, ko kaɗan."

"Yi min bayani kamar ni jikanka ne."

Mashud ya karɓi mataccen faifan, ya ɗaga shi saitin fitila. "Ka ga ramin nan? In yana buɗe, injin da ke karanta faifai yana gane haka, sai ya ƙi rubutu. Bairos kuwa rubutu ce. Dole ta bi ta hannun injin. In injin lafiyarsa ƙalau, ya ƙi, ta ƙare mata. Sai dai in wani ya toshe ramin da salatif."

Baba Saani ya shafa kusurwar da yatsa, ya shinshina. Ba danƙo, ba alama. "Ba a toshe ba. To me ke kashe kullallen faifai?"

"Abubuwa da yawa. Makullin nan ba ƙofar ƙarfe ba ce, roƙo ne kawai ake yi wa injin. Ka ajiye faifan kan hita, ya mutu. Ruwa ya shiga, ya mutu. Ka ɗora shi kan maganaɗisu mai ƙarfi, wannan ma ya fi sauri, kuma ba za ka ga ko ƙwarzane ba."

"Maganaɗisu. Shi ne zai sa ƙarfe ya koyi kama allura?"

"Shi ne fa."

Baba Saani ya mayar da faifan aljihu. Har ya juya zai tafi, sai idonsa ya faɗa kan wata doguwar riga shuɗiya da ke rataye a bayan shagon. Ya ƙarasa a hankali kamar mai sha'awar yadi. Adon wuyan furanni ne, ba ganye ba. Amma can ƙasa ta hagu, ga ɗan sawun tsuntsu, yatsu uku.

"Makullin nan," in ji shi, bai waiwayo ba, "yana hana a kwafi abin da ke ciki?"

Har keken matar Mashud ya tsaya.

"Ba ya hanawa, Baba."

"Haka na zata. Gobe bayan azahar ka zo shagon Hajiya. Kada ka zo hannu rabbana, ka san abin da za ka riƙo."

*

Labari ya riga shi isa Bronx, don haka ran Laraba shagon ya cika har bakin ƙofa. Mashud na tsaye jikin bango da jaka a hammata. Harouna na waje, sai da Baba Saani ya jawo shi ciki, mata suka ɗan janye jakunkunansu daga kusa da shi, kamar wayoyinsu za su kamu.

"Hajiya, a ba ni zare da allura," in ji Baba Saani.

Ya ɗaura allurar a tsakiya, ya riƙe zaren ta sama, tana lilo a kwance. "A daji in sawu ya ɓace a kan dutse, ƙudaje muke bi. Yau wannan ce ƙudana. Ba bairos ce ta kashe faya-fayan nan ba, maganaɗisu ne, kuma yana cikin ɗakin nan. Ku ba ni hanya."

Ya fara daga teburin yanka. Allura ta ɗan karkata wajen ɗan maganaɗisun da ake tsince fil da shi. Mata suka yi caa.

"Wannan yaro ne," in ji Baba Saani. "A aljihun Hajiya yake kwana, ba a tare da gwangwani ba. Babbansa muke nema."

Ya wuce keken surfani, ya wuce dutsen guga, ya bi jikin bango yana tafiya kamar mai tsoron ta da barci. Kowa ya bi shi da ido, wasu ma da ƙafa. Hajiya Safiatu ta manta da wayarta. Da ya doso lungun Mma Hasiya, allurar ta fara rawa. Ya ƙara taku ɗaya, ta miƙe tsaye tana jan zaren. Ya zagaya bayan sifika, sai ta ƙwace ta manne, ƙas, kowa ya ji.

Ya juyo da sifikar. Katakon bayanta ya daɗe da cirewa, ga wani baƙin ƙarfe zagayayye kamar faranti. Ƙura ta rufe ko'ina a ciki, ban da kan ƙarfen, inda aka ga shatar abu mai kusurwa huɗu, ɗaya kan ɗaya.

"A nan aka ɗora su. Saura wa ya ɗora." Ya durƙusa. Bayan kabad ɗin tsintsiya ba ta kaiwa, burbushin zare ya taru kamar auduga. "Ga sawu. Ba takalmin Harouna ba ne, nasa ya yi biyun wannan. Silifa ce ƙarama, mai ita na jan ƙafar hagu. Ga kuma wani ɗan zagaye a gefe, inda aka dogara da ƙarfi."

Ya miƙa hannu cikin ladabi ya ɗauki sandar Mma Hasiya, ya ɗora robar gindinta a kan zagayen. Ta zauna daram.

Baba Saani ya matsa kusa da kunnenta, ya ɗaga murya. "Mma, ran Juma'a kin taɓa faya-fayan Alhaji?"

Fuskar tsohuwa ta washe. "Ai ni na yi musu magani. Ba ku ce cuta na yawo ba, wadda ba ta jin makulli? Da kuka watse na ce kayan ɗana ba za su zauna haka ba tsari. Na kwaso su na ɗora a nan, inda karatun ke fitowa, kowanne sai da ya sha sura guda. Har mannewa suke yi, kamar sun san wurin. Na mayar da su kafin ku dawo." Ta dubi fuskokin mutane ɗaya bayan ɗaya. "Me ya faru? Bai kama ba?"

Hajiya Zuweira ta zauna a kan yadudduka, ta rufe baki da hannu. Wata ta fara dariya ta haɗiye.

"Karatu ba ya ɓata komai, Mma," in ji Baba Saani. "Ƙarfen da ke bayansa ne ya shanye zanen. Niyyarki mai kyau ce."

"To ni ba wanda ya tambaye ni. Kwana nawa kuna ta hayaniya a kaina, na ɗauka kuɗin yadi kuke faɗa a kai."

Sai a lokacin Hajiya Zuweira ta fashe da kuka. "Shi ke nan, hannun Alhaji ya tafi. Abin da ya rage min ke nan nasa."

"Bai tafi ba," in ji Baba Saani. "Mashud, matso."

Mashud ya matso kamar mai takawa a kan ƙaya. Ya buɗe jaka, ya zube sababbin faya-fayai a kan tebur. "Hajiya, bara da kika ba ni keke, na kwafe su duka. Na ɗinka wasu na sayar a wajenmu. Ki yafe min."

"Ka kwafa? Ai a kulle na ba ka."

"Makullin rubutu yake hanawa, Hajiya. Ba ya hana ɗiba."

"Ɓarawo," in ji ta, tana kuka tana dariya, tana rungume faya-fayan. "Ɓarawon banza, Allah Ya yi maka albarka. Kuma ba mu gama ba ni da kai, gaban liman za mu je."

Aka zura ɗaya a keke. Ganyaye suka bayyana a ɗan gilashin keken. Shago ya ɗauki guɗa, Hajiya Safiatu har da taka rawa, tana cewa a kunna, a kunna, lokaci na tafiya.

*

Hajiya Zuweira ta ciro makullin shago ta miƙa wa Harouna. "Ɗana, ka yi haƙuri. Hau keke, kai kaɗai za ka iya fitar da kayan nan kafin Asabar."

Harouna bai karɓa ba. Ya sa hannuwansa a baya.

"Madam, na yi haƙuri. Amma a ɗakin nan kaɗai aka san ban yi ba. Sunana ya tahi Harlem, ya tahi Ohio. Jiya ƙanwata ta kira ni daga Maraɗi tana tambaya wace cuta na ɗauka a Amerika. Ba ni taɓa keken nan sai an bi sunana inda ya je an dawo da shi."

Duk ido ya koma kan Hajiya Safiatu. Ta gyara mayafi, ta ce ai za ta yi in ta koma gida, ta ce ai ba da mugun nufi ba ne, ta ce muryarta ma ta dishe. Baba Saani ya zauna a kan kujera yana warware zaren daga allura, ya ce shi ba ya sauri, biki ba nasa ba ne.

Ta dubi tulin yadi. Ta dubi keke a tsaye. Ta danna wayar.

"Salamu alaikum mata, Safiatu ce. Maganar da na yi ran Litinin a kan Harouna, tela na shagon Hajiya Zuweira, ba haka ba ne. Bai kawo komai ba, babu ma wata bairos. Ni na ɗora masa, ban gani ba. Duk wadda ta tura waccan, ta tura wannan."

"Ba ki ce na Maraɗi ba," in ji Harouna. "Akwai wani Harouna a Harlem, kada a wanke shi a bar ni."

Ta harare shi, ta sake dannawa, ta maimaita tun daga sallama, wannan karon har da garinsu. Harouna ya tsaya sai da ya ji wayoyin matan da ke shagon sun yi ƙara ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya karɓi makullin, ya naɗe hannun riga, ya ɗauko yadi na farko ya shimfiɗa a kan keke.